Ƙulli Mai Kunne Biyu

Kwanakin baya wani saurayi mai suna Nura ya zo rumfata a nan Agege neman aiki, da abokansa biyu a bayansa, 'yan dako ne daga kasuwar Mile 12 waɗanda wuya ya fara yi wa ciwo. Na tambaye shi abin da ya iya, ya ce ɗaurin huhun goro. Na ce a ina ya koya, ya ce a siton Alhaja na bakin layin dogo, kuma wai kafin ta kore shi ya riga ya gano kan abin, tunda ai ganye ne da buhu da igiya. Abokan suka gyaɗa kai. Su a ganinsu mu masu aikin goro inuwa muke sha, muna tauna, muna hira, ana biyanmu. Saboda shi da ire-irensa na ga gara in faɗi yadda sana'ar take, da yadda aiki a hannun Alhaja yake, don na san gobe ma wasu za su je su tsaya mata a ƙofa.

Sunana Haladu. Ci-rani ya kawo ni Legas daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, da niyyar in koma da faɗuwar damina, ga shi har furfura ta same ni a nan. Ranar da na fara zuwa siton Alhaja ba ta tambayi sunana ba. Ce mini ta yi in cire takalmi in ajiye a bakin ƙofa inda na sauran suke, sannan in miƙo hannuwana. Ta juya su, ta duba farce, ta sa aka kawo reza na yanke har sai da nama ya fito. Daga nan ta sunsuni rigata. Alhaja haifaffiyar Agege ce, Bahaushiya da Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma hancinta ya fi na kowa a kasuwar. Mai turare ba ya shigar mata sito, haka wanda ya taɓa kananzir, haka mai shan taba, domin goro yana ɗaukar wari ya riƙe. Ni a lokacin na ɗauka iyayi ne kawai irin na masu kuɗi.

Aikin farko da ta ba ni kwando ɗaya ne na jan goro, ta ce in tsince. Na zauna na ware manya gefe, ƙanana gefe, na fitar da waɗanda wuƙa ta yanka wajen ɓarewa, na shimfiɗa ganye na jera, na rufe, ina jin kaina. Ta zo ta tsaya a kaina, ko sunkuyawa ba ta yi ba, ta ce, “Oya, kwance.”

Na kwance. Ta sa yatsu biyu ta zaro ƙwaya ɗaya daga tsakiya ta ɗora mini a tafin hannu. Lafiyayye ne a idona, ja jawur, yana sheƙi. Sai da ta nuna mini da bakin tsinke na ga wani ɗan rami kamar na allura, da ɗan gari-gari a bakinsa. Ta fasa shi, ga tsutsa a kwance a ciki. Ita ce sankara, kuma ƙwaya ɗaya irin wannan in ta shiga huhu, kafin mota ta kai Sakkwato ta yi 'ya'ya ta gama da maƙwabtanta. Ran nan na kwance kwandon nan har na daina sanin sau nawa. Wanda muka fara tare da safe bai kai la'asar ba.

Ku da kuke cewa ganye ne da igiya, bari in faɗa muku abin da ke cikin huhu. Goro yana zuwa mana daga Shagamu da ƙauyukan Ondo an ɓare an wanke, amma da sauran gumi a jikinsa. In ka ɗaure shi da gumin nan, zai dafa kansa a ciki ya yi baƙi. In ka bar shi iska ta buge shi, ya yamutse, ba mai saye. Ganyen fita da ake naɗe shi da shi sai an goge kowane ɗaya, a cire mai huji, a jera shi yana hawa kan ɗan'uwansa yadda iska ba za ta samu ƙofa ba. Ba a zuba goro, ajiye shi ake yi da hannu, don wanda ya bugu yau ba zai nuna ba sai ya yi nisa a hanya. Marsa, wato manyan, ba a haɗa su da minu, ƙananan. Fari ba ya kwana da ja. Wanda za a ajiye ya zama daushe kuma sai a riƙa buɗe shi ana sake masa ganye ana tsincewa, kamar mai jinya. Bayan duk wannan ne ake maganar buhu da igiya, ita ma igiyar in ta yi sako-sako goro ya goge juna, in ta matse da yawa ya fashe. Wannan shi ne abin da Nura ya gama ganowa kafin wata ya mutu.

Korar Alhaja ba ta da hayaniya. Kalma biyu ce: ɗauki takalminka. Na ga an faɗa wa mutum ita don ya jefa goro cikin kwando daga tsaye. Na ga an faɗa wa wani don ya share gumi da ganyen fita. Wani ƙato daga Damagaram, mai ƙarfi kamar ingarma, ya tafi saboda ya amsa waya da hannu ɗaya yana tsinta da ɗaya. Mun daina wahalar da kanmu da riƙe sunayen sababbi, sai mu kira mutum da sunan garinsu, in ya kai wata sannan mu tambaye shi sunan yanka. Ita ko a jikinta, domin kullum jirgi da manyan motoci suna sauke mata wasu daga Arewa, suna tsaye a ƙofa da 'yan buhunansu. Ba ta ba da hutun Sallah sai na yinin Idi. In an yi maka rasuwa a gida ka tafi, ka tafi ke nan. Abinci a tsaye muke ci, a waje, kuma sai ka wanke hannu da sabulu marar ƙamshi kafin ka koma. Ban taɓa jin ta ce wa wani sannu da aiki ba, ko da kuskure.

Kada ku ce ba ni da adalci, akwai abin da ake samu a wurinta. Haƙƙinka ba ya kwana, wannan kam ko maƙiyinta ya shaida. Sannan hannu. Wanda ya jure Alhaja shekara guda, yana iya tsintar sankara ido a rufe, da nauyin ƙwayar kawai a yatsunsa. Abokina Tanimu da muka zo tare ya gudu wurin wani Alhaji mai sauƙin kai a wajen Iyana Ipaja, inda ake aiki rediyo na kiɗa, ana shan shayi a kan kaya. Ya yi ƙiba, ya yi ta yi mini dariya. Da Alhajin ya karye, Tanimu ya zaga duk sitocin Agege, ba wanda ya ɗauke shi ya kwana biyu, domin shekarun nan duka bai koyi komai ba sai hira. Yanzu keke yake ja. Ni kuwa da an ji daga inda na fito, ba a ƙara tambaya.

Wani huhun farin goro ne ya jawo mini suna, shi ne kuma ya jawo mini abin da ya biyo baya. Akwai babban mai sayen kayan Alhaja, Alhaji Ɗan'ige na Sakkwato, wanda kullum kukansa ɗaya ne: in kaya suna hanya sai an buɗe bakin huhu an duba, an ɗan yayyafa ruwa, to yaran mota ba sa iya kwance ƙullinmu, sai su sa wuƙa, huhu ya saki gaba ɗaya. Ina jin haka na tuna yadda mahaifina yake ɗaure kaya a bayan jaki in za mu kasuwa. Ƙulli ne mai kunne biyu da wutsiya. Ka ja wutsiyar, baki ya buɗe, ciki yana nan a ɗaure tamau. Ka gama abin da kake yi, ka ja kunnuwan, ya koma ya rufe. Shi ya ƙirƙiro abinsa, ban taɓa ganin wani a ƙauyenmu ya yi irinsa ba. Na ɗaura shi a huhun nan ba tare da na nemi izini ba. Alhaja ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ja wutsiyar, ta ja kunnuwan, ta wuce ba ta ce kwance ba. A wurinta wannan shi ne lambar yabo.

Kafin shekara ta zagayo, daga Sakkwato har Gusau, masu saye ba sa buɗe huhun da ke da kunne biyu. Su ce ƙullin Haladu ne, a sauke kawai. Ba ƙullin suke saye ba, sun san wanda ya ɗaura shi shi ya tsince abin da ke ciki, ƙwaya-ƙwaya. Ban taɓa ɗaura shi a kan kayan da ban bi da hannuna ba. Ba ni da gida a Legas, ba ni da mota, amma akwai garuruwan da ban taɓa takawa ba da ake ambaton sunana a kasuwarsu, kuma ina jin daɗin haka ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, ganye yana zuwa a jiƙe yana ruɓewa, sannan wata gada ta karye a hanyar Arewa, motoci suka yi cirko-cirko. Kaya suka cika sito har rufi, ba fita, ga zafi, sankara ta samu gidan zama. Maƙwabtanmu suka shiga barbaɗa maganin ƙwari a kan abin da mutane za su sa a baki. Alhaja ta hana. Kada ku ce tsoron Allah ne, ni na ji ta da kunnena tana cewa Ɗan'ige hancinsa ya kusa nata, in ya ji warin magani sau ɗaya ba zai dawo ba. Don haka da hannu muka yi yaƙin. Mu kwance huhu, mu bi kowace ƙwaya, mu sake ganye, mu ɗaure, mu kai ƙarshen sito, mu dawo farko mu sake kwancewa. Fatar yatsuna ta saɓule. Ma'aikata suka daina jiran kora, sai mutum ya ce zai zaga bayi, ya bi ta ƙofar baya ya faɗa motar danfo babu takalmi. Har tarin silifa marasa masu su aka yi a bakin ƙofa, Alhaja ta riƙa ba sababbi. Da hanya ta buɗe, kayanmu kaɗai suka isa Sakkwato da mutuncinsu, kowanne da kunne biyu a kansa. A shekarar nan ta sayi sito na biyu. A shekarar nan ni kuma lafiyar bayana ta tafi, ba ta dawo ba har yau.

Bayan wannan ta sa mini samari biyu su riƙa riƙe mini igiya, suna ja in na ce ja. Na ce ashe matar nan tana da tausayi, ta ga ciwon bayana. Wautata ke nan. Suna tsaye a kafaɗata wata da watanni, idonsu a kan yatsuna. Wata ranar Laraba da hantsi na gama ɗaure wani babban huhu, na zo miƙewa bayan ya riƙe, sai na dafa huhun na ɗan zauna a gefensa in numfasa. Zama a kan kaya haramun ne a siton nan, kowa ya sani. Ina ɗaga kai na gan ta. Da muryar da take faɗa wa ɗan kwana uku, da ita ta faɗa mini. Na ɗauki takalmina.

Na kafa wannan rumfar, ina yi wa ƙananan 'yan kasuwa tsinta da ɗauri, ina cin abincina. Ana nan sai ga wayar Alhaji Ɗan'ige. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce ko hannuna ne ya mutu, ko kuwa na fara ha'inci da girmana. Ya sauke kaya masu kunne biyu bai buɗe ba kamar yadda ya saba, ya rarraba wa mutanensa, aka dawo masa da su cikinsu baƙi ƙirin, sankara tana yawo. Na rantse masa na bar siton tun tuni. Ya ce shi bai san wannan ba, ƙullina ya gani, kuma duk kasuwa maganar da ake yi ke nan, Haladu ya lalace.

Ban tsaya rufe rumfa ba na nufi bakin layin dogo. Tana zaune a kujerarta a ƙofa, a bayanta ga huhuna jere, kowanne da kunnuwansa biyu, wasu a karkace kamar na jakin da ya sha duka. Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce, “Alhaja, ƙullin nan na mahaifina ne. Kin kore ni, na tafi ban ce komai ba. Ki sa su daina ɗaura shi.”

Ta ce, “Da igiyar wa ka ɗaura shi shekarun nan duka? A kan goron wa? Je ka wurin shugabannin kasuwa ka ce an sace maka ƙulli, in zo in ji yadda za ka faɗa.”

Na ce sunana ne yake ɓaci a Sakkwato. Ta ce ita ma kayanta ne suke ɓaci, kuma ta riga ta kori waɗanda suka yi wancan ɗaurin. Sannan ta nuna ƙofa da haɓa.

“In abin yana maka ciwo, ga ƙofa nan a buɗe. Ka riƙa zuwa kana duba abin da suke sawa kafin su ɗaure. Ni dai ban kira ka ba.”

Ku yi dariya in kuna so, na je. Kullum da safe kafin in buɗe rumfata sai in cire takalmi a ƙofar matar da ta kore ni, in bi kwandunan yaranta, in tsince musu sankara, in gyara musu ganye, kyauta, don kada a zagi Haladu a garin da bai taɓa zuwa ba. Ita tana zaune tana kallo, kuma na tabbata tun ranar da ta kore ni ta san zan dawo. Na yi kaka guda cur a haka. Abin da ya tsayar da ni ba gajiya ba ce. Duk wanda na zauna na koya wa har hannunsa ya fara faɗawa, sai in zo wata safiya in tarar ba takalminsa a ƙofa, ga wani sabo yana murmushi yana jefa goro daga tsaye. Na ga in na biye wa wannan, a siton nan za a yi mini wankan gawa. Na daina zuwa. Na buga wa Ɗan'ige na ce daga yau duk huhun da ya gani da kunne biyu ya buɗe ya duba, ba nawa ba ne. Ni kuma na koma ƙulli irin na kowa, wanda ake sa wa wuƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai, fiye da ranar korar.

To ga shi nan, ku samari masu son zuwa wurinta ko wurin irinta, don Legas cike take da su, a gidan burodi, a mayanka, a ko'ina. Ku je. Za ku fito da hannun da ba wanda zai raina, in kun jure. Amma ku san cewa ba ku take gani ba, yatsu take gani, kuma duk abin da yatsun nan suka iya a ƙarƙashin rufinta ta ɗauka nata ne. In kuna da wani abu da kuka zo da shi daga gidanku, ku bar shi a ƙofa tare da takalmin, ku ɗauki abinku ranar da za ta ce ku ɗauka. Ranar kuwa tana nan zuwa, ko kun yi kwana uku ko kun tsufa a wurin.

Shi Nura bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba ranar da ya zo. Da ya ga ina masa kallon banza, sai ya ce bari ya nuna mini wani abu da ba kowa ya iya ba. Ya jawo wani buhu, ya ɗauki igiyata, ya yi ta murɗe-murɗe yana cije leɓe, ya fito da kunne biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ya ce wannan shi ne ƙullin Alhaja, har Sakkwato an san shi, in ina so zai koya mini, ba wuya. Na ce ya ja wutsiyar mu gani. Ya ja, buhun ya saki gaba ɗaya ya zube a ƙafafunsa, domin ya bi da ita ta sama maimakon ta ƙarƙashi. Abokansa suka kwashe da dariya.

Na yi shekaru ban ɗaura shi ba, kuma na yi niyyar in mutu ban sake ba. Amma ganinsa a wulaƙance haka ya fi ƙarfina. Na karɓi igiyar. Yatsun ba su manta ba, ko tunani ban yi ba sai ga shi ya zauna, kunnuwa daidai wa daida, kamar yadda yake zama a bayan jakinmu. Na ja wutsiya baki ya buɗe, na ja kunnuwa ya rufe. Nura ya durƙusa yana shafa shi, ya ɗago ya dube ni da girmamawar da bai shigo da ita ba.

“Baba, ashe kai ma ka taɓa aiki a wurin Alhaja. Wallahi ka iya ƙullinta.”

Na ce masa na taɓa. Sannan na ce ya cire takalminsa ya miƙo hannuwansa in ga farcen.